Rungumar Ganga ta Uku

Ƙattin maza, mafi yawansu da furfura, wasu har da jikoki, sun kewaye wata gangar katako sun yi tsit suna jiran a buɗe ta. Verna Cissell ta jingina da ginshiƙi tana fifita da takardar coci, tana kallon ƙeyoyinsu da suka jiƙe da gumi. A iya saninta, ko ranar da aka yi wa 'ya'yansu baftisma ba su nutsu haka ba.

Hawa na bakwai ne na rumbun ganguna, watan Agusta, ga rufin kwano a bisa kai. A nan sama zafi ke tsotse ruwan da ke cikin burbon, wato wuskin masara, ya bar wutar zalla, shi ya sa ƙungiyar mijinta ta raɗa wa kanta suna 'Yan Hawan Bakwai. Wuskin da mutanen kirki ke saya a kanti ƙarfinsa bai wuce tamanin ko casa'in ba, a ma'auninsu da ɗari biyu ke nufin barasa tsantsa. Su kuwa duk abin da bai kai ɗari da ashirin ba, shayi suke ce masa. Sau ɗaya a shekara kamfanin ke buɗe musu ganguna uku su ɗanɗana, su kaɗa ƙuri'a, wadda ta ci a ɗura musu ita a kwalabe da sunan ƙungiya. Daga nan kowa ya kai rabonsa ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa ya jera a kanta, ya riƙa kunna fitila yana nuna wa baƙi.

Verna ba ta sha, kuma ba ta taɓa zuwa wannan shiririta ba sai yau. A watan Afrilu mijinta Harlan ya yanke jiki ya faɗi a filin bayan gidansu yana yankan ciyawa. Likita ya zura masa wani ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya, sannan ya ja ta gefe ya gaya mata ba kwana-kwana cewa in ya sake faɗuwa ba lalle ya tashi ba, giya mai ƙarfi kuwa ko kusa. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi gaba, Harlan ya ce ko a kan gadon asibiti ne sai an kai shi zaɓen ganga. A ƙarshe suka daidaita a kan zai shinshina, zai jiƙa harshe, zai tofar. Saboda haka ta bar matan coci da tuyar kajin bikin shekara, ta jefa jan kofin roba da kwalbar ƙwayoyinsa cikin jaka, ta biyo shi. Abin da ya kawo ta ɗaya ne, ta mayar da mutumin nan gida da ƙafafunsa.

Tun a matakala ta ga abin da ba ta so. A kowane hawa sai ya tsaya, wai yana karanta rubutun jikin ganguna, alhali numfashi yake nema. Ta yi masa magana ya yi kunnen uwar shegu da ita. Inshora ya sayar har ya yi ritaya, ba wanda ya taɓa sauraronsa da son rai, amma a nan in ya ɗaga kofi kowa sai ya kama bakinsa. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa sayen gangar da ba shi ya nuna ba. Wannan ita ce sarautarsa kaf a duniya, kuma ya san akwai mai harinta.

Mai harin yana tsaye kusa da shi, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton ganga. Brantley Voss sunansa, dillalin gidaje ne da ya ƙaura daga Ohio, gemunsa yana ƙyalli da mai. Bai daɗe da shiga ƙungiyar ba, amma ya riga ya haddace duk kalmomin da ake burga da su, yana kuma ce wa tsofaffin "Mista" da irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Verna ta tsane shi, sai dai ba ta ga abin da sauran suka fi shi da shi ba in ban da tsufa.

Ma'aikacin rumbun ya buga guduma, toshiyar gangar farko ta yi tsalle. Ya zura ɓarawo, wato dogon bututun jan ƙarfen da ake ɗiba da shi, ya tsiyaya wa kowa a ɗan kofin gilashi mai tsukakken baki. Ya ce ƙarfinta ɗari da ashirin da shida. Nan da nan hanci ya shiga kofi, idanu suka lumshe.

"Gasasshiyar ayaba," in ji Brantley. "Da fatar sirdi. Can ƙarshe kuma akwai ganyen taba da aka ajiye a tsohon akwati."

Verna ta yi tsaki a ranta. Daga inda take tsaye, warin maganin goge farce kawai take ji. Ta matsa ta miƙa jan kofin. Harlan ya shinshina, ya kurɓa, ya juya abin a bakinsa, ya sunkuya ya tofar. Wurin ya yi shiru irin na jin kunya, don a wajen 'Yan Hawan Bakwai tofar da burbon ya fi ƙara masa ruwa muni, ƙara ruwa kuwa kusan kafirci ne.

"Mista Harlan, ashe an yaye ka?" in ji Brantley yana murmushi. "Mis Verna, kin iya riƙon kofi. A gidan likitan haƙori kika yi aiki?"

"A gidan renon yara," ta ce. "Shi ya sa wurin nan bai zame mini baƙo ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Harlan ya goge baki, ya ce gangar farko yarinya ce, zaƙin baki gare ta amma ba ƙashi. Aka gyaɗa kai, aka ci biskit, aka kurkure baki da ruwa, aka matsa gaba.

Ta biyu ɗari da talatin da huɗu ce, kuma a kanta Brantley ya kafa tuta. Ya shanye nasa, ya dafa ƙirji, ya daki ƙasa da ƙafa, hawaye na zubo masa yana cewa ga runguma nan. Runguma ita ce abin bautarsu, wannan ɗumin da ke bazuwa a ƙirji bayan wuski ya wuce maƙogwaro. Da ita suke auna ganga, da ita suke auna junansu. Verna ta sha jin Harlan yana ba da labarin rungumar wata kwalba ta shekarun baya da irin muryar da bai taɓa ba da labarin ranar aurensu da ita ba.

Harlan ya tofar a karo na biyu, ya ce barkono ya yi mata yawa, kirfar ta danne masarar.

"A harshe ke nan," in ji Brantley. "Rungumar fa? Au, na manta. Ka yi haƙuri, Mista Harlan, ba raini ba ne, amma wanda bai haɗiye ba me ya sani? Jan kofin nan ya fi ka sanin gangar nan. Ko shi za mu tambaya?"

Wannan karon dariyar ba ta ɓuya ba. Verna ta dubi Doyle Nally, abokin Harlan tun suna firamare, shi ne kuma shugaban ƙungiyar, tana jiran ya tsawata. Doyle ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Harlan, yaron yana da magana. Ba a yanke wa ganga hukunci daga baki kawai."

"Doyle," ta ce, "kai ka zo asibiti da furanni. Ka ji abin da likita ya ce ko ba ka ji ba?"

"Haba Verna, kurɓi ɗaya ne fa."

Harlan ya dubi gilashinsa. Kunnuwansa sun yi ja, ya ƙi haɗa ido da ita.

Da ma'aikacin ya faɗi ƙarfin ta uku, ɗari da arba'in da biyu, sai wurin ya kaure da shewa. Ta wuce abin da ake yarda mutum ya shiga jirgin sama da shi, kuma a wajensu babu yabon da ya kai a ce abin sha ya shiga sahun fetur. Verna ta miƙa kofinta. Harlan ya shinshina, ya kurɓa, ya juya, ya dubi Brantley cikin ido, ya haɗiye. Kafin ta buɗe baki ya ɗaga gilashin ya ƙarasa sauran, ya miƙa wa ma'aikacin ya ce ya ƙara.

"Harlan Cissell, mun yi alkawari."

"Matsa, Verna. Aiki nake yi."

Ya sha na biyun. Ya tsaya shiru, ya dafa gangar da hannun dama. Gumi ya keto masa, ba irin na zafin rumbu ba, fuskarsa ta koma launin toka. Mazan suka matso, an san in Harlan ya yi irin wannan shirun babbar magana na tafe.

"Wannan," ya ce a hankali, "ban taɓa jin irinta ba. Ba ƙuna ba ce. Nauyi ne. Nan, tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora mini buhun masara." Ya ja numfashi. "Kuma ba ta tsaya nan ba. Ga ta tana hawa, ta kama muƙamuƙi. Ku tsaya, ku tsaya. Tana gangarawa hannun hagu, har gwiwar hannu."

"Har hannu!" in ji Doyle, baki buɗe. "Kun ji? Har hannu!"

Verna ta gane nan take. Takardar alamomin bugun zuciya da asibiti suka ba ta tana manne a jikin firij, ta karanta ta har ta haddace, kuma ga mijinta yana karanto ta layi bayan layi, ƙattin banza suna yi masa tafi. Tsoro ya kama ta. Ta zazzage jaka, ta ciro kwalbar, ta fito da ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe.

"Buɗe bakinka."

"Za ta ɓata mini harshe. Ban gama ba."

"Zuciyarka ce, wawa! Buɗe bakinka!"

"Mis Verna, kwantar da hankalinki," in ji wani daga baya. "Runguma ce. Ɗari da arba'in haka take, ke ce ba ki saba gani ba."

Brantley ya ga rana na neman ƙwace masa. Ya karɓi ƙari daga ta ukun, ya shanye, ya lumshe ido yana saurare. Can sai ya fara murza hannun hagunsa.

"Kai," ya ce. "Da gaskiyarsa. Ni ma na ji ta, nan wajen kafaɗa. Sai mutum ya nutsu yake kama ta."

Ai kuwa sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna kurɓa suna motsa hannun hagu, wannan ya ce tasa ta kai wuyan hannu, wancan ya ce shi a haƙori ya ji ta. Ba wanda ke son a ce ƙirjinsa ne bai da ilimi. Verna ta dube su, raini ya cika ta har ya kusa fin tsoron. Ta ciro waya, kwanon rumbun ya tare layi. Ta kama hannun ma'aikacin ta ce ya kira ofis su turo motar asibiti, ya dubi fuskar Harlan sau ɗaya ya ciro rediyonsa na oba-oba.

"Tashi mu sauka," ta ce.

"Sai an kaɗa ƙuri'a."

"To ku kaɗa! Doyle, ka sa su ɗaga hannu yanzu-yanzu."

Doyle ya yi wuƙi-wuƙi. Ya ce ai doka ita ce sai an kurkure baki an sake zagaya ganguna ukun kafin ƙuri'a, kuma Harlan ne da kansa ya kafa dokar. Harlan, yana jingine da ganga yana haki, ya gyaɗa kai ya ce a bi doka, ba ya son gobe wani ɗan Ohio ya ce an yi masa maguɗi. Haka Verna ta tsaya da ƙwaya tana narkewa a tafin hannunta, tana kallon maza suna tauna biskit, suna komawa gangar farko, suna gardamar ko ayabar ta ragu. Ta roƙe shi da sunan 'yarsu, ta roƙe shi da sunan jikokinsa. Ya datse haƙora, ya kawar da kai.

Da aka zo ƙuri'a, Doyle ya kira ta ɗaya, ba kowa. Ya kira ta biyu, Brantley ya dubi hagu ya dubi dama, ya bar hannunsa a aljihu. Ya kira ta uku, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Harlan yana riƙe da gilashi a dama, ya yi ƙoƙarin ɗaga hagu, hannun ya ƙi. Ya yi murmushi duk da haka, ya sulale ya zauna a ƙasa, gilashin ya gangara ƙarƙashin ganguna. Sai a lokacin bakinsa ya buɗe, ta cusa masa abin da ya rage na ƙwayar da yatsa.

Matakalar ta yi wa gadon masu motar asibiti ƙunci. Aka yi ta kai da kawo kafin a yarda a saukar da shi a lif ɗin da ake hawa da ganguna, mai tafiyar hawainiya. Verna ta durƙusa kusa da shi tana riƙe da hannunsa mai sanyi. Daga sama ta jiyo muryar wani yana tambayar ma'aikacin ko za a rufe gangar da kyau, kada iska ta shiga.

Da la'asar tana zaune a wani dogon baranda na asibiti a Louisville. Likitar da ta karɓe shi ta fito ta ce ɗan ƙarfe ba zai yi ba wannan karon, sai an buɗe ƙirjin. Ta tambaye ta tun yaushe ciwon ya fara kafin a ba shi magani. Verna ta gaya mata. Likitar ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba za ta yi mata alkawarin komai ba. Wata nas ta kawo mata farar leda, a ciki akwai takalmansa da bel da agogo da zoben aure. Verna ta kira 'yarsu, 'yar ta ce tana hanya daga Nashville. Daga nan ba abin yi sai kallon ƙofa mai fuka-fukai biyu da aka shige da shi.

Tana nan sai ga Doyle, hula a hannu, Brantley na biye da shi, dukansu suna warin rumbu. Suka yi mata sannu. Doyle ya ce duk ƙungiya na addu'a. Brantley ya ce Mista Harlan gwarzo ne, bai taɓa ganin irinsa ba. Suka zauna, suka tashi, suka sayo mata gahawa daga inji, ta ajiye ta a ƙasa. Ta lura Doyle yana ta juya hular, sai ta gane ba gaisuwa kaɗai ta kawo su ba.

"Verna, na san ba lokacinsa ba ne," ya ce. "Amma kamfanin suna son amsa kafin Litinin, in ba haka ba wata ƙungiya za a ba. Kin ga, a kan maganar Harlan muka zaɓa. To yanzu wasu na cewa... wato, abin nan da ya ji, a ƙirji, da muƙamuƙi, da hannu..." Ya sake juya hular. "Ke da kika yi magana da likita. Gangar ce, ko kuwa dai...?"

Ta dube shi. Ta dubi Brantley, wanda ya sunkuyar da kai amma kunnensa a miƙe, yana jiran ya ji cewa tsohon ya kasa bambanta wuski da ciwon zuciya, ya samu labarin da zai yi ta bayarwa a ɗakin ƙasansa har ya tsufa. Ta tsane su duka biyun, ta tsani rumbun, ta tsani mutumin da ke kwance bayan ƙofar nan fiye da kowa, kuma in aka ce ta ba da ranta ya tashi za ta bayar. In bai fito ba, maganar nan ita ce ta ƙarshe da ya yi a gaban mutane, ya kuma saye ta da tsada.

"Gangar ce," ta ce. "Ku saye ta. Wanda bai ji a kofin farko ba, ya ƙara."

Doyle ya sauke ajiyar zuciya. Ya juya ga Brantley.

"Na gaya maka. Harlan bai taɓa kuskure ba."

"Ai ni ma na ji ta," in ji Brantley.

Suka yi mata sallama, suka nufi lif suna magana ƙasa-ƙasa a kan kwalba nawa gangar za ta bayar. Verna ta ɗora ledar a cinya. Ta zura hannu ta lalubo zoben daga cikin takalmi, ta gwada shi a yatsunta ɗaya bayan ɗaya, duk ya yi musu yawa sai babban yatsa. Ta bar shi a nan, ta ci gaba da kallon ƙofar.